Ƙarfen da Ke Bin Taurari

Laraba, bayan la'asar

Suwaiba, ajiye tsintsiyar nan ki zo. Yanzu, ba sai an jima ba. Ɗauko takarda da biro ki zauna nan kusa da ƙafata. Don girman Allah wani ya saurare ni a gidan nan. Mijinki Abbas, ɗan da na haifa, ko baki na buɗe sai ya ce, "Inna, ki yi ta addu'a." Ina yi. Amma akwai abin da na sani, kuma ni kaɗai na san shi.

Rubuta. Ni ce Rahmatu ta Ƙofar Durbi, kakar Sagir mai ɗaukar hoton biki. Ni na riƙe shi tun daga yaye. Ranar Asabar da yamma ya ɗaure jakarshi bayan mashin, ya tafi gonar abokinshi Mamman, wani ƙauye gaba da Batagarawa, zai ɗauki hoton taurari. Daren farko ya gama saita kayanshi ke nan hadari ya ɓata mashi, ya ƙara kwana. A dare na biyu waɗancan mutanen na daji suka shiga ƙauyen. Ba ni kiran sunansu a ɗakina. Da gari ya waye mutanen ƙauyen suka buɗe jakar Sagir, suka ga wani ƙarfe da wata 'yar tocila, suka ce shi ya haska masu hanya. Sun riƙe shi.

Ƙarfen nan na san shi. Ni na zaɓa mashi.

Alhamis, da hantsi

Karanta mani na jiya. To. A'a, kar ki gyara, bar shi yadda na faɗa.

Yau zan faɗi yadda ƙarfen ya shigo gidan nan, don su ji ba daga daji ya fito ba.

Sama tafiya take. Wannan ko ni na sani tun ina yarinya: Kaza da 'ya'yanta in ta fito ta bisa katangar nan, kafin asuba ta koma can. Abin da ban sani ba, ashe kyamara ba ta son wagga tafiya. Sagir ya ce hasken taurari kaɗan ne, sai an bar idon kyamara buɗe ya daɗe yana sha. In ya daɗe kuma sama ta gusa, sai su fito a hoto da jela-jela. Ya nuna mani. Na ce wannan ai taliya ka ɗauko. Ya ce, "Shi ya sa nike neman abin da zai riƙa juya kyamarar a hankali tana bin su."

Da fari na katako ya sa kafinta ya haɗa mashi. Allo biyu da ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kai, da wani dogon noti. Ya ɗora kyamara bisa, wani kuma ya zauna yana murza notin yana bin hannun agogo. Wa zai zauna? Duk gidan nan dariya kuke mashi, har ke, kar ki sunkuyar da kai. Ni ce na zauna. Bayan isha'i, nan tsakar gida, ina murzawa. In na yi tari ya ce, "Amarya, kin ɓata mani sama." Na ce, "Ango mara kunya, ka samo yarinya ta murza maka mana." Ya ce yarinya ba ta da haƙurina.

Daga baya ya ce hannu ba zai yi ba. Ya zauna bakin gadona da wayarshi ya nuna mani guda uku.

Na farko ƙato ne kamar injin markaɗe, da dunƙulen ƙarfe rataye a gefe, sai da batirin mota. Ya ce wannan na masu dogon madubi ne da ke leƙen abu guda can ƙurya. Shi kuwa faɗin sama yake so, daga nan har can, da farin hayaƙin nan na taurari da ke ratsa tsakiya. Gilashin kyamararshi gajere ne, ba nauyi. Na biyu ƙarami ne, amma da batir da wayoyi. Na uku ba batir ko ɗaya. Wana shi ake kamar agogon tebur, ya yi ta ƙyas-ƙyas-ƙyas wajen awa guda, sa'an nan ya buga ƙararrawa. Ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, amma na Sagir zai ɗauka.

Ya ce, "Amarya, zaɓar wa angonki."

Na ce mu da wutar cajin waya ke gagara, me za ka yi da mai batir? Ɗauki mai ƙyas-ƙyas, ga shi zai shiga jaka.

Da ƙaton na nuna, da yana nan tsakar gida. Mashin ba ya ɗaukar shi.

Kar ki rubuta wannan. Kin riga? To bar shi.

Juma'a, bayan an sauko

Baraka ta kira daga Zariya, yadda take yi duk Juma'a. Ɗiyata ce, ita ta haifi Sagir, ɗanta na fari. Rubuta haka don wanda bai sani ba. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ko kallon shi ba ta yi gaban mutane. Shi ma Yaya Baraka yake ce mata, kamar yadda ya ji Abbas na faɗi.

Abbas ya ce kar a gaya mata, hawan jininta ba ya son labari. Na ce ƙarya ni ba zan yi ba. Ya ce, "Ai ba sai kin yi ba, Inna. Ba za ta tambaya ba."

Haka kuwa aka yi. "Ina wuni Inna, ya ƙafa, ya su Abbas, ya yara." Lafiya lau, lafiya lau. Ta ce, "To." Ta kashe.

Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba.

Asabar, da safe

Ba labari. Rubuta ba labari.

Lahadi, bayan azahar

Suwaiba ta tafi gidansu gaisuwa, maƙwabcinmu Malam Nu'uman ne ke rubuta mani daga bakin zaure. Malam, sannu da ɗawainiya, Allah shi saka. A yi haƙuri da surutun tsohuwa.

Maganar tocila ce ta rage, kuma ita ta fi ba ni tsoro.

Ƙarfen nan ba ya aiki sai an saita hancinshi da wani tauraro. Duk taurari tafiya suke, ban da guda ɗaya a arewa, shi yana nan inda yake. Sagir ya ce duk sauran kewaya shi suke. To don a saita, sai a maƙala wata 'yar tocila jikin ƙarfen, haskenta kore ne, siriri kamar zare, ya tafi can nesa. A yi ta gyarawa har zaren ya taɓa tauraron. Shi ke nan, sai a kashe.

Malam, ka ce me? I, a nan abin yake. Tauraron nan a garinmu ba bisa kai yake ba. Ƙasa-ƙasa yake, kaɗan ya ɗara kan itatuwa. Nan gidan ma benen Alhajin bayanmu ya tare shi, ga fitilun titi. Shi ya sa yaron ya fara fita ƙauye. To wanda ya hango daga nesa ba zai ce sama ake haskawa ba. Zai ce daji ake haskawa.

Ni ma da ban sani ba haka zan ce.

Abbas ya je inda ake zuwa, wurin hukuma. An ce a bi a hankali, ran mutanen a ɓace yake, in aka shiga da ƙarfi abin zai lalace. Ya buga wa mutanen ƙauyen takardar bayanin ƙarfen ya aika. Suka ce takarda kowa na iya rubutawa.

Talata, da yamma

Mamman ya zo. Bai iya zama sosai ba, a gefe ɗaya ya zauna. Ban tambaye shi dalili ba.

Ya ce randa suka buɗe jakar, wani ya taɓa ƙarfen, ya fara ƙyas-ƙyas. Kowa ya watse. Da ya buga ƙararrawa har wata mata ta faɗi. Yanzu yana cikin wani ramin da ake ɗibar ƙasa bayan gari, ba mai zuwa kusa. Sun ce abin fashewa ne bai tashi ba. Kyamarar kuwa sun fasa.

Na ce Sagir fa? Ya ce yana ɗakin ajiyar taki na mai unguwa. Na ce yana cin abinci? Ya ce, "Ana kai mashi, Inna." Na ce ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ya kalli tabarma.

An tafi da mutanensu a daren da aka shiga ƙauyen. Wata Delu, mijinta da ɗanta duka. Samarin garin sun ce in waɗanda aka ɗauka ba su dawo ba, to shi ma...

Tsaya nan, Suwaiba. Ba ni ruwa.

Laraba, kafin azahar

Na sa an cire agogon bango. Har yanzu ina jin shi.

Alhamis

Yau ba ni magana.

Juma'a, bayan la'asar

Baraka ta kira. Bayan gaisuwa ta daɗe ba ta kashe ba. Ina jin numfashinta. Can ta ce, "Inna, mai mashin ɗin nan na gidanku, a riƙa yi mashi faɗan yawon dare."

Tunda take ba ta taɓa matsowa kusa haka ba.

Na ce, "Ana yi." Ta ce, "To." Na ce, "To."

Suwaiba, wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Ke kin yi makaranta. Ni kunyarta na ɗauka na rufe mata ido da ita, abin da na yi ke nan.

Asabar, da hantsi

Mun yi da Abbas yau, kin ji mu ai. Rubuta duk da haka.

Na ce a kai ni ƙauyen. Ya ce, "Inna, ke da tayar mota in ta fashe a titi sai kin kwana biyu kina salati?" Na ce i, ni ɗin. Ya ce me za ki gaya masu da takarda ba ta faɗa ba? Na ce ba faɗa zan yi ba. Na ce kai ka san yadda ake wana ƙarfen? Ya ce a'a. Na ce Mamman ya sani? Ya ce ko ya sani ba su yarda da shi. Na ce to saura wa?

Ya fita, ya dawo, ya ce Litinin.

Ciro mani hoton nan na bango, wanda ya wanko mani da babbar salla. Shi ne na farko da ƙarfen ya ɗauka. Duba, ba taliya. Ɗige-ɗige kamar an watsa gero bisa baƙin zane. Naɗe shi cikin ɗankwali.



Litinin, bayan magariba

Rufe ƙofa. Rubuta da sauri kafin in manta yadda aka yi.

Hanya ba kowa. Gonaki ga su an yi shuka, ba mai noma. Ban daina salati ba har muka isa.

Aka shimfiɗa mani tabarma ƙarƙashin itace, ƙofar gidan mai unguwa. Dattijo ne, ya gaishe ni da mutunci, ya hanya, ya iyali, ya haƙuri. Na ce haƙuri naku ne, Allah shi maido maku da mutanenku. Samari na tsaye da sanduna.

Na ce a ɗauko mani ƙarfen. Aka yi ta kallon juna. Can wani ya je ya kawo shi a bakin shebur, ya miƙo hannu kamar mai ɗauke da maciji, ya zube shi gabana ya ja da baya. Duk ya yi ƙasa. Na goge shi da bakin mayafi.

Suwaiba, ban taɓa wana shi da hannuna ba. Kallo kawai nike in yana yi. Na farko hannuna ya zame. Wani yaro ya ce, "Tsohuwa za ta kashe mu." Na biyu ya kama.

Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Na ɗora shi bisa cinyata na rungume.

Kin ga yadda kaji ke yi in shaho ya gitta? Haka. Har mai unguwa ya koma cikin zaure. Na waiga, Abbas na tsaye bayana, gumi ya jiƙa mashi riga. Na ce matsa can mana. Ya ce, "Inna, ke kika ce agogo ne." Na ce na ce. Ya ce, "To ina zan je?"

Na san agogo ne. Na sani. Amma da ya yi ta bugawa jikin cikina, ga idanu daga nesa, sai zuciyata ta fara cewa, in fa ba ki sani ba? In fa wani abu ya same shi cikin ramin? Me kika sani ke, ko sunanki ba ki iya rubutawa?

Ana nan sai wata mata ta fito daga lungu, ba takalmi. Ana kiran ta, "Delu! Delu, dawo!" Ba ta juya ba. Ta zo ta zauna bakin tabarmata, gwiwarta na taɓa tawa. Ta ce, "In ƙarya kike mu tafi tare. Ni ba abin da ya rage mani."

Muka zauna. Inuwa ta gusa daga kanmu, ba wanda ya tashi. Na nuna mata hannun ƙarfen, na ce duba, ya matsa daga inda yake. Ta ce ta gani. Na kwance ɗankwali na ba ta hoton. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa kan wani baƙin itace a ƙasan hoton ta ce, "Wannan ai tsamiyar gonar su Mamman ce." Na ce ita ce. Ta ce, "Samanmu ce wannan?" Na ce taku ce. Ta ce, "Mu yanzu ba mu ɗaga kai da dare."

Sai ƙararrawa ta buga. Ni da na san za ta buga, ni na fi kowa zabura.

Akuya na kuka can. Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Suka matso kaɗan-kaɗan. Na yi masu bayanin tocila yadda na yi wa Malam Nu'uman. Mai unguwa ya ce tauraron ya san shi, da shi ubanshi ke gane hanya in sun taso daga kasuwa da dare, kuma gaskiya ne ƙasa-ƙasa yake. Na ji sanyi ya fara shigata.

Sai wani saurayi, idonshi jawur, ya ce, "Hajiya, mun ji. Tauraro yake haskawa. To su da ke daji, in sun hango, sun san da tauraro yake? Haske suka gani daga garinmu. Washegari suka zo."

Har yanzu ba ni da amsa. Wataƙila da ma za su zo. Wataƙila. Allah kaɗai ya sani.

Na ce a bar ni in ga Sagir ko ta taga. Mai unguwa ya ce, "Ba yau ba, Hajiya." Yadda ya faɗe ta ban so ba. Ya ce za su zauna.

Hoton na wurin Delu. Ban karɓa ba.

Talata

Sun zauna ko ba su zauna ba, ba wanda ya kira.

Laraba, bayan azahar, a barandar asibiti

Malam Nu'uman, kai ne kusa, rubuta. Ko a bayan takardar maganin nan ne.

Mamman ya kawo Sagir da safe cikin motar ɗaukar hatsi. Ya ce Delu ce ta je ta zauna ƙofar ɗakin takin tun asuba, ta ce ba ta tashi sai an buɗe. Nata mutanen ba su dawo ba. Rubuta wannan, kar a manta da shi.

Na gan shi. Yana numfashi. Hannuwanshi an naɗe su, ba zan faɗi sauran ba. Likita ya ce zazzaɓin ne abin ji, in ya sauka to da sauƙi, in bai sauka ba mu yi ta addu'a.

Na duƙa na ce, "Ango, amaryarka ce." Bai san ni ba. Ni da na tauna mashi abinci. Idonshi na bisa rufi, bakinshi na motsi. Na kai kunne.

"Umma," yake cewa. "Umma."

Malam, yaron nan tunda ya fara magana bai taɓa ce wa kowa Umma ba. Ni Inna yake ce mani, in ba wasa muke ba. Ba ni yake kira ba.

Ga Abbas can ya fiddo waya, zai fara kiran abokan aikinshi da dangin uban yaron. Tsayar da shi. Ce mashi in ji ni, kar ya kira kowa tukuna, kar a sa a waya mutane su yi ta turawa. Baraka za a fara gaya wa. Kuma ba shi zai faɗa ba, ya kira ya miƙo mani. Ba za ta tambaya ba, na sani, ko yau ba za ta tambaya ba. Ni zan kira mata sunan: Sagir, ɗanki, yana kiran ki, taho.

Baraka tukuna. Sauran duk su jira.